Ƙofofin Guntu Goma Sha Biyu

Kakana kafinta ne, gajere ƙwarai, har abokan sana'a suke kiransa Guntu. Bai taɓa riƙe ma'auni ba, da hannunsa yake awo: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu ɗaya ke nan. Da haka ya yi wa rabin unguwa gado da akwati, ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya.

A zamanin Turawa aka tashi gina sabon ofis. Baturen gine-gine ya ce kafintan da ya yi ƙofofi goma sha biyu suka yi kyau, aikin gwamnati ya zama nasa. Kaka kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan aiki. Ya je wurin magini, wani dogo zanƙalele, ya tambaye shi awo.

"Tsayi kamu huɗu, faɗi biyu," in ji magini.

"Shi ke nan, an gama."

A cikinsu ba wanda ya tuna cewa hannu ya fi hannu. Wata guda Kaka yana yanka yana gogewa, har matarsa ta ce ko ita ba ta samu irin wannan lallashi ba.

Ranar kafawa, ƙofar farko ta tsaya a bakin ɗaki kamar yaro cikin rigar babansa. Ta sama, kaza ma sai ta wuce.

"Malam, gininka ne ya yi yawa!" in ji Kaka.

"A'a, Guntu, hannunka ne bai kai ba."

Bature ya zaro ma'auninsa ya gwada, ya girgiza kai, ya ba wani aikin. Kaka ya ɗoro ƙofofinsa a kan jakuna ya dawo gida. Abin ya ci masa rai sosai, kwana uku bai taɓa zarto ba.

Rana ta huɗu sai ga magini ya yi sallama da kayan aikinsa.

"Tashi, ɗan'uwa. Tun da ƙofa ta ƙi gini, sai a yi wa ƙofa gini. Miƙo hannun nan naka."

Da hannun Kaka aka auna gidan da muka taso a ciki. Aikin gwamnati kam, har ya koma ga Allah bai samu ba. Amma duk ranar da magini ya zo gaisuwa, dole ya sunkuya kafin ya shiga. Kaka yana daga zaune sai ya gyara murya ya ce, "Haba, Malam, ai ba sai ka rusuna ba."