Ta Saman Hanyar Mahaifina

Ana sallame asuba muka bar Kiyawa, ni da babban ɗana da wata maƙwabciyata mai ciwon gwiwa. A Yalwawa muka kwashi ragowar maniyyata, sai Kano. Saboda wahalar mai, direba ya riƙa tsayawa gun 'yan bumburutu yana ciniki kamar mai sayen saniya. A Wudil aka miƙo min soyayyen kifi ta taga, na juya shi na mayar. Na jiya ne.

Bayan Ɗakin Allah, abu ɗaya na ƙulla a raina. Mahaifina ya tafi Makka a ƙasa ina goye, shi da jakinsa. Labarinsa na ƙarshe, wani ya gan shi a Sudan yana ƙwadagon auduga don ya haɗa guzurin ƙarasawa. Ba mu san kabarinsa ba. Da ɗana ya ce ta saman Sudan jirgi yake bi, na ce to taga nake so, in ga ƙasar da idona, in yi masa addu'a a kanta.

Na tambaye shi nisan Kano da Jidda, ya faɗi wani lissafi na dubbai, ban riƙe ba. Na ce ya gaya min da lokutan sallah. Ya ce, "Inna, in mun tashi da hantsi, la'asar a Jidda za mu yi." Na ce kada ya maishe ni yarinya.

Ashe zaman jiran jirgin ne tafiyar. Muka kusa mako a sansanin alhazai, ga sauro, ga layin ruwa, kullum a ce gobe. Mu ɗaure kaya, mu kwance. Dambun naman da na yi don hanya a nan ya ƙare, rabi a cikin maƙwabciyata. Ranar da aka kira mu, jikina ya riga ya mutu. Na samu tagar, na jingina kai, shi ke nan. Ban farka ba sai da ake cewa a ɗaura bel, ruwan teku a ƙarƙashinmu. Ɗana ya ce, "Na ga kin gaji ne, na ƙyale ki." Ban kula shi ba har muka shiga Makka.

A dawowa ma an sha jira, amma na yi shiri. Na ƙi abincin jirgin, na cusa goro a kumatu, na kafa wa gilashi ido. Muna haye teku ɗana ya taɓa ni, "Inna, ga ta nan." Jar ƙasa ce shimfiɗe, babu bishiya, babu inuwar da jaki zai tsaya. Can na hango kogi siriri kamar zaren saƙa. Na yi ta karanta abin da na iya. Na ce, Baba, na je, na yi ɗawafi da sunanka. Goro na biyu bai ƙare ba aka ce mun shiga Chadi.

Daga Kano zuwa Kiyawa taya ta fashe mana a Gaya, muka daɗe a hanya kusan yadda muka daɗe a sama. Na iso ƙafa a kumbure, alhamdu lillahi.

Masu zuwa barka da sauka duk tambayarsu ɗaya, wai Makka da nisa? Abin da na gano ke nan nake gaya musu: ga mai jirgi, hantsi ne zuwa la'asar. Mai jaki kuwa, har yau muna jiran sa.