Hantar Jan Bijimi

Ruwa aka wuni ana yi a garin Gogunu ranar, irin na tsakiyar damina wanda ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Kasuwar shanu ta zama caɓi har idon sawu, masu saye duk suka fake a rumfuna, Sabi dillali ya koma gida da wuri, jiƙe sharkaf. Ya tarar da matarsa Bake zaune a bakin ƙofa, ba ta ko ɗora tukunya ba, tana riƙe da wata 'yar takarda da aka ba ta a wurin awon ciki.

Sabi ɗan manoman doya ne, amma a ruga ya yi wayo, don tun yana ƙarami aka ba da shi kiwo wurin Fulani. A can ya samo idon da yake cin abinci da shi. Saniya za ta gifta daga nesa, ya dubi ɗaga ƙafarta da sheƙin gashinta da danshin hancinta, ya ce wannan ba za ta ga kaka ba, kuma haka za a yi. Ga shi da son jin dalilin komai. Me ya sa ƙuda ya fi bin baƙar saniya? Yakan tsare mutum da tambaya har sakwara ta huce a kwano. Sai dai ya yarda da idon nan nasa har ya ɗauka a kan mutane ma yana aiki.

Shekararsu biyar da aure. Ciki biyu Bake ta ɗauka, kowanne ya kai wata takwas, kowanne aka haife shi ba rai. Wannan shi ne na uku, yana wata huɗu.

"Madam ungozoma ta ce an ga ciwo a jinina," in ji Bake. "Wai tunjere, ciwon da ake ɗauka wurin kwanciya. Ta ce mai yiwuwa shi ya ɗauke biyun can, kuma zai iya ɗauke wannan. Ta yi mini allura ɗaya, saura biyu. Ta ce kai ma ka zo a duba ka, maigida."

Sabi ya kama haɓarta ya juya fuskarta wajen haske, ya ja fatar idonta ya leƙa, ya ce ta fito da harshe.

"Ni saniya ce?"

"Da ke saniya ce, da tuni na sayar da ke da tsada. Lafiyarki ƙalau. Ni kuwa dube ni, yaushe rabon da ko kaina ya sara? Ba inda za ni, ke ma ba za ki koma su yi ta huda ki a banza ba."

Bake ta cusa takardar a ƙarƙashin faifai ta tashi hura wuta.

Washegari ya biya ta mayanka wurin Woru mahauci, wanda suka fi shekara ashirin suna ciniki suna zagin juna. Ya fara ba shi labari wai wani abokinsa ne aka ce matarsa tana da ciwo alhali garau take.

"Abokin naka, shi ma Bake sunan matarsa?" in ji Woru yana wasa wuƙa. "Zo nan, sarkin gani. Ka tuna jan bijimin da ka rantse mini shekaranjiya ba mai lafiyarsa a kasuwa?"

Ya janyo wani bokiti da malamin duba nama ya ware gefe. Hanta ce a ciki, ta kumbura ta yi tauri, da ya tsaga ta sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ƙananan ganye suna motsi.

"Ƙarya kake, tsohuwar ungulu. Wannan ba tasa ba ce."

"Ga fatarsa can, ko bushewa ba ta yi ba. A goma da kake kawo mini, sai na samu ɗaya ko biyu haka. Kai waje kake gani ka sayar, ni nake buɗe ciki. Ban taɓa gaya maka ba ne don kada ka bar cika baki, da shi muke rage rana."

Sabi bai yi fushi ba. Tsugunawa ya yi ya sa tsinke yana juya tsutsotsin. Tun yaushe suke ciki? Yaya aka yi bijimin yake cin ciyawa har da ture 'yan uwansa?

"Ni fawa na koya, ba duba ba," in ji Woru. "Je ka tambayi masu allura."

Daga nan bai koma kasuwa ba, asibiti ya nufa, takalmansa duk jinin mayanka. Ungozomar, wata gajeriyar mutuniyar kudu da ake kira Madam Selestin, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a kan wani ɗan abu mai tsawon ashana, ta ce a jira kaɗan. Ya sunkuya ya zuba masa ido. Layi ɗaya ya fito, can sai na biyu ya biyo shi, alamar shi ma yana da ciwon.

"To a ina yake zaune, Madam? Me yake ci? Ciwon da ba ya ciwo, wane irin ciwo ne?"

"Ba shi kaɗai ba ne, Baba, suna da yawa masu zama shiru haka. Amma bari ni ma in yi tawa tambayar. Ka taɓa yin wani ɗan miki a gabanka, marar zafi, ya warke da kansa?"

Sabi ya tuna wata tafiya da ya raka motar shanu Kwatano, 'yan watanni kafin bikinsa. Mikin bai yi wata guda ba ya ɓace, har yana yabon kyan jininsa.

"Ba warkewa ya yi ba," in ji ta. "Ciki ya koma."

Hankalinsa ya tafi kan ƙananan kaburbura biyu da ke bayan gidansa. Bai ƙara tambayar komai ba ranar. Ya juya aka yi masa allurar, mai kauri, a ɗuwawu, ya fito yana ɗingishi.

A gida ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Bake, ni na kawo shi gidan nan."

Ta daɗe tana tuƙa tuwo kafin ta ce, "Laraba ce ranar allurata. Ka sa wa babur mai."

Shi ya kai ta sauran biyun, shi ma ya cika nasa ukun. Duk sanda ya fito yana cije baki sai ta ce, "Sannu bijimi, wai ba ka da ciwo." Cikin ya wuce wata takwas, gidan ya yi tsit, ba mai ambaton komai. A na tara ta haifi mace, tana tsala kuka tun kafin a yanke cibiya. Suka sa mata Yon, sunan da ake ba 'yar fari a wajensu.

Yon tana shekara huɗu yanzu, tana da ƙane mai rarrafe. Sabi yana nan Gogunu yana dillancin shanunsa, furfura ta fara fito masa a gemu, shi da Bake kuma lafiyarsu lau.