Kawu a Filin Kwando

A gasar ƙwallon kwando ta yara ƙanana doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kowa da mutuminsa. Ba a yarda yara su cunkushe ƙarƙashin kwando su yi katanga ba, sai kowa ya bi wanda aka ba shi duk inda ya nufa. Ina son dokar nan, don da ita ƙanƙanin yaro ma yake samun rabonsa a wasa. Amma ranar da yarana na Sabon Gari suka kara da 'yan Utai, wallahi ta kusa sa mini hawan jini.

Ina da wani siririn yaro, shi ne gwanina a tsaro, in ya manne maka sai ka ce ƙaska. Na haɗa shi da dogon Utai, mai ci musu ƙwallo. Ana busa usur dogon nan ya taho a guje, sai yarona ya matsa gefe ya ba shi hanya, har da sunkuyar da kai! Ƙwallo a kwando. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Da aka tafi hutu na ja yarona gefe. "Kai, lafiyarka ƙalau? Tsaro na sa ka ko rakiya?"

Ya ce, "Koci, kawuna ne. Autan su babarmu."

Ikon Allah! Kawun da ko shekara bai ba shi ba. Mataimakina ya raɗa mini mu tara yara ƙarƙashin kwando, wai alƙalin wasa ba zai lura ba. Na ce Allah ya kiyaye. To amma in ba haka ba sai dai in cire yaron, ya koma benci saboda ladabi, kuma raina bai so ba. Na tsallaka wajen kocin Utai na gaya masa gaskiya, ko da zai ci mu da ita. Mutumin kirki, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira dogon ya faɗa masa.

Dogon ya zo har bencinmu yana huci, ya tsaya gaban yarona. "Kai, ni ka raina? Sadaka kake ba ni? So kake a gida a ce bar mini aka yi? Ni kawunka na ce ka tare ni!"

Aka koma fili. Kawu ya yi tsalle zai jefa, yarona ya tashi sama ya doke ƙwallon, tas! Fili ya kaure da sowa, ni kaina ban san sanda na yi jifa da hulata ba. Kawu ya zube a ƙasa, ƙwallo ta dawo hannun yarona, hanya fetal har ɗaya kwandon. Sai ya tsaya cak, ya ɗan rusuna.

"Sannu, Kawu."

Daga kwance Kawu ya daka masa tsawa: "Wuce ka jefa, sakarai!"

Ya kuwa wuce da gudu, ya jefa, ta shiga.