Musun ƙwallo ya zubar da nono

Jama'a, yau musun ƙwallon kwando ya sa wata mata kuka a gabana!

Muna zaune Ƙofar Sauri bayan la'asar. Na ce har a Dakar da Alƙahira, gwani shi ne mai cin maki duk shekara.

Malam Lawal tela ya zabura: "Haba Alhaji! Gwani sai a wasan kifa ɗaya ƙwala. Nawa gwanin, saura sakan ɗaya ya harbe su, suka mutu!"

Sai mai nonon da ke auna mana ta saki ƙwarya. "Sun shigo gari? Wa aka harbe?"

Na ce, "Baiwar Allah, wasa ne."

Tana hawaye ta ce, "Mijina ma wasa ya ɗauka, ranar da 'yan bindiga suka zo rugarmu."