Malama Sakinatu, Mai Kwance Kafaɗa a Kwarbai

Kowace safiya Malama Sakinatu Aƙilu kan fito daga gida a Kwarbai, ta taka zuwa bakin titi, ta hau bas zuwa asibitin da take aiki a sashen gashin ƙashi. Bayan la'asar sai ta ɗauki kwalbar man kaɗanya, ta bi gidajen matan da ba su iya zuwa asibiti. A ƙarshen Disambar nan ta 1994 za ta yi ritaya.

Aikinta shi ne gaɓoɓin da suka sandare. Ba ɗori take yi ba, kuma abin ya wuce tausa. Takan danne ƙashi ɗaya da hannun hagu, ta kama ɗayan da dama, tana turawa kaɗan tana saki, har gaɓar ta soma ba da hanya. Ta ce matsalarta da matan birni ɗaya ce: ba su faɗin zafi, kowacce ka tambaya sai ta ce da sauƙi. Shi ya sa take kallon yatsun ƙafarsu. Da sun lanƙwashe, sai ta sassauta.

Maƙwabta sun ba ni labarin Hajiya Asama'u, wadda ta zame a bakin rijiya a damunar 1991. Babu karaya, amma mutanen gida suka rataye mata hannu da ɗankwali, suka hana ta ɗaukar ko buta. Kafin kaka kafaɗar ta ƙage, hannu ba ya kaiwa baya.

A lokacin cikin Binta, 'yarta ta fari, ya tsufa, ana shirin ta zo gida haihuwa. Sai surukan Binta na unguwar Kongo suka aiko cikin ladabi cewa tunda Hajiya ba lafiya, su za su riƙe ta, don ba mai yi mata wankan jego, ba mai goya jariri. Hajiya kuwa ko sunan 'yar ba ta kira saboda kunya. Abinci dai ta rage ci.

Da Malama ta zo, ta fara da kwance ɗankwalin, ta kuma hana kowa miƙa wa Hajiya buta. Maigidan, Malam Isma'ila, ya yi ƙorafi daga zaure. Ta aika masa cewa tausayin nan ne ya ɗaure kafaɗar. Sannan ta tambayi Hajiya jiki, aka ce da sauƙi.

"To Yaya Asama'u, goya mini matashin kan nan mu ga sauƙin."

Hajiya ta sunkuya, ta kai hannu don ta tallafe shi, hannun ya tsaya a kwankwaso. Matashi ya faɗi.

"Jikan naki ya sha ƙasa tun bai zo ba," in ji Malama.

Hajiya ta yi dariya, sannan ta ce a hankali, "Gida nake so yarinyar nan ta zo."

Malama da kanta ta je Kongo ta roƙi a jinkirta yanke shawara. Daga nan kullum da yamma tana ɗakin Hajiya, tana turi da saki, matashi na faɗuwa ana ɗauka, har ranar da ya zauna. Binta ta zo gida ta haihu. Hannun bai kai ga ɗagawa sama sosai ba, don haka maƙwabciya ce ta yi wankan. Amma ranar suna Hajiya ta fito tsakar gida da jariri Haruna a baya, ta ce wa Malama wannan maigida nata nauyi gare shi, ko za a canza mata wani.

Malama Sakinatu, ke ce kika shiga ɗakunan da likita namiji ba ya shiga. Ke ce mai hannu da sanyi, wadda ba ta karɓar amsar kunya. Mutanen Kwarbai sun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Har zuwa makon nan ba a sami macen da za ta gaje ta a sashen ba. 'Yan matanmu masu karatun jinya su dubi wannan gurbi tun Malama tana da ƙarfin koyarwa.