Buzuna a Ofishin Nasara

Karatuna bai yi nisa ba. A allo na tsaya a Sabbi, don malaminmu ya riga ni gajiya. Boko kuwa sai da furfura ta cinye mini gemu na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, a tsakiyar samarin da na yi jika da su. Saboda haka in ka ga baƙi ya karkace a nan, hannun ne. Maganar a miƙe take.

Kakana daga Gadamus ya zo da raƙuma, ya sauke kaya a Kurmi, ya auri Bakanuwa, ya gina gida a Mandawari, bai ƙara waiwayar arewa ba. Da ya rasu a cikin gidan aka binne shi, a wani ɗan ɗaki can ƙurya, kamar yadda ake yi wa manya a da. 'Ya'ya uku ya bari: Baffa, da babana, da Goggo. Ɗan Baffa, wanda nake ce wa Yaya, shi ya kwashe farar fatar da dogon hancin gaba ɗaya. Ni uwata na biyo, mutuniyar Rano, na fito baƙi wuluk. A rumfata ta kanumfari da masoro Balaraben gawayi ake ce mini, ina amsawa. Larabcina duka Fatiha ce da 'yan surori, sai zagi guda biyu da kakanmu ya bar mana gado.

Lokacin da jirgin ƙasa ya iso gyaɗa ta zama dukiya, iyayenmu maza duk sun rasu, gidan yana hannuna da Yaya ba a raba ba. Sai labari ya zo cewa Nasara na ba Larabawa filaye a bayan ganuwa, kusa da tasha. Amma wanda ya karɓa zai tashi daga birni, shari'arsa ma ta bar gaban alƙali ta koma gaban Bature. Yaya ya samo mai sayen gidan tun kafin ya gaya mini. Mai sayen kuwa duka yake so, har da ɗakin kabari, wai zai yi rumbun fatu a wajen.

"Mu ba irinsu ba ne," in ji Yaya, yana nuna unguwa da haɓa. "Nasara ma ya gane haka."

Na ce, "Yaya, kalle ni da kyau. Irin su wa ke nan?"

"Kai dai sa jar dara ka yi shiru. Bakinka ne matsalarka tun kana goye."

Goggo tana jin mu tana murza alkaki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta dawo gida, ita ke share ɗakin kabarin duk Juma'a. Da Yaya ya fita ta wanke hannu ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan ɗakinta, gindin katanga, inda ta hana a zubar da ruwan wanke-wanke tun ina yaro ban san dalili ba. Fasassun kasake ne a kife, a jere. Duk yaron da aka haifa a gidan, ungozoma takan wanke mabiyiyarsa ta binne a nan, Goggo ta kifa kasko a kai.

Ta taɓa ɗaya da yatsan ƙafa. "Ta ubanka. Wannan tawa. Ga ta wancan mai hancin. Ga taka, ita ce ta fi ba ungozoma wahala, kamar mai ita."

"To Goggo, in an sayar fa?"

"Sai mai fatu ya haɗa da ni a cinikin. Ni ba inda za ni."

Ranar da aka kira mu ofis a Nasarawa kan maganar filin, na bar jar darar Yaya a rataye. Na sa rigata ta kasuwa, na saɓa buzun sallar babana a kafaɗa. Yaya ya harare ni tun daga zaure har Ƙofar Nasarawa.

A ofishin zama iri biyu ne. Larabawa da Kwara 'yan Sham suna kan benci da takalmansu. 'Yan ƙasa kuwa tun daga nesa suke tuɓe takalmi, su durƙusa a turɓaya, su ɗaga hannu suna cewa Zaki. Baturen saurayi ne, wuyansa ja kamar an yi masa lalle. Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya yi magana. Tafintansa, wani mutumin Lakwaja mai karyayyar Hausa, ya juya mana.

"Ya ce wannan bawanka ne?"

Na ga kunnen Yaya ya yi ja. Ya ce, "Ƙanena ne. Kakanmu ɗaya."

Bature ya ɗaga kafaɗa. Tafinta ya ce in haka ne in hau benci. Masinja kuma, wani ƙato ɗan unguwarmu da na san uwarsa, ya raɗa mini cewa in ba zan hau ba in durƙusa. Na duba benci, na duba turɓaya. Sai na sauke buzu na shimfiɗa a tsakaninsu, na tuɓe takalmi, na hau na tanƙwashe ƙafa kamar na zo ɗaukar karatu. Na yi sallama. Ba wanda ya amsa sai wani tsohon Balarabe a ƙarshen benci, shi ma a ciki-ciki.

Masinja ya ce, "To ka tuɓe takalmi, saura gaisuwar."

"Wa buzu na tuɓe. Ba a hawansa da takalmi, ka tambayi uwarka."

Tafinta ya ce Bature na so ya san abu guda: ni Balarabe ne ko baƙar fata?

Na gyara zama a kan buzu. Bakin nan da Yaya ke tsoro ya riga ya buɗe. Na ce, "Gaya masa baƙin yana gani da idonsa. Balaraben da yake nema yana kwance a ƙuryar gidanmu, shi ya zaɓi wajen da kansa, kuma bai gaya mana yana son komawa tasha ba. Ni a Kano aka yanke mini cibiya, a nan aka yi mini huɗuba a kunne. Tun ba a san da jirgi ba muna da alƙali, muna da alƙibla. Ba sai an zaɓa mini wurin zama ba, da nawa na zo."

Ban san abin da tafinta ya faɗa ba, amma ya fi nawa gajarta. Bature ya yi nuni da alƙalami, masinja ya ja buzun da ni a kai har bakin baranda, ya ɗauki takalmana ya cilla kan rufin kwano. Haka jarumin naku ya koma birni da tsakar rana ba takalmi, yana tsalle daga inuwa zuwa inuwa, yara na dariya.

Cinikin ya watse. Yaya ya kai ni gaban alƙalin nan da yake gudu, aka raba gado, aka ja katanga a tsakar gida. Shi ya ɗauki gaba da zaure da soro ya sayar, ya koma bayan ganuwa ya buɗe kanti. Ni na ɗauki ƙurya: kabari, da ɗakin Goggo, da kasake. Ba ni da zaure, sai na fasa ƙofa ta wani lungu, wanda har yau in na ci na ƙoshi a karkace nake shiga. Yaya ya yi arziki, ni ina nan da masoro. Ya daina yi mini magana, ko a Idi muka haɗu sai ya dubi sama.

Bayan damina biyu, wata rana da hantsi ina shirin fita kasuwa, na ji ana kokawa da lungu. Yaya ne, ya yi ƙiba, bango ya goge masa farar riga. Yana rungume da ƙwarya an rufe da faifai.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "An sauka da asuba. Namiji. Ina Goggo?"

"Can tasha ƙasa ta ƙare ne?"

"Matsa mini, gawayi."

Goggo ta fito ta karɓi ƙwaryar mabiyiyar, ta aike ni in samo kasko. Da na dawo na tarar Yaya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gindin katanga yana haƙa da hannunsa. Na shimfiɗa masa buzu kusa da shi, don rigar tasa mai tsada ce.