Mutumin Ƙarƙashin Gada

Shekara ashirin da uku Kafinta yana zuwa wasan tunawa da yaƙin gada, amma bai taɓa ganin yaƙin da idonsa ba. Shi ya haɗa gadar katakon da sojojin wasa ke tsallakawa a guje, a kan ramin bayan filin makaranta. Da an busa usur sai ya shige ƙarƙashinta da guduma, ƙusoshi cike da aljihu, ya kafa kunne a jikin katako.

Damuwarsa ɗaya ce. Gadar ta samari talatin ya yi, sirara kamar ba sa cin abinci. Su ɗin ne dai har yau, ba wanda ya yarda ya sauka, sai dai kowa ya ajiye tumbi. Shi ya sa in ya gamu da su a kasuwa, ba fuska yake kallo ba.

"Yaya, gaishe ka fa nake yi," in ji Mahauci, ƙanin matarsa, wanda shi ne kwamanda.

"Na ji. Kai dai ka dinga barin saura a kwano."

Duk shekara yakan ƙara tokara ɗaya, har ƙasan gadar ya zama kamar kurmi. Bana kuwa Ciyaman ɗin kwamitin wasan ya zo da sabon salo: in an ci yaƙi, duk rundunar za ta tsaya a kan gada a ɗauki hoto. Kafinta ya roƙa, ya rantse, ya ce gudu daban, tsayuwa daban.

"Haba, Malam," in ji Ciyaman, "aikinka ne fa, wa zai yi shakka?"

Yabon nan ya hana shi cin abinci kwana uku.

Ranar ta zo. Yana tsugune a laka ya ji ihun nasara, sannan takun ƙafafu, yana gane kowa. Ga Direba mai jan ƙafa, ga Tela, ga Mahauci, wanda katako ya yi wa nishi na musamman. Talatin cif suka tsaya. Ƙasa ta fara zubo masa a ka. Mai hoto kuma sai cewa yake, "Ku ƙara matsowa tsakiya!"

Sai ƙaras!

Kafinta ya saki guduma, ya tokare katakon tsakiya da kafaɗa, ya runtse ido yana salati. Shiru. Can sai dariya ta ɓarke a sama. Ya leƙo. Ashe bindigar katako ce Mahauci ya dogara a kanta don hoto ya yi kyau, ta rabe biyu, ya zauna daɓas.

"Yaya, bindigarka ba ta da ƙwari!"

"Karya goma, ɗan albarka," in ji Kafinta. "Amma ku sauko mini ɗaya bayan ɗaya."

Sai da ya ƙirga talatin a kan ƙasa, sannan ya zauna a bakin ramin, ya ce wa matarsa ta miƙo kular nan, yunwa yake ji.